Gidan da Ba a Tsufa: Katun na Barkwancin Iyali da Rabon Marubucin Hausa

Akwai wani reshe na wasan kwaikwayo da mu marubuta muka kau da kai daga gare shi, muna ganin ai shirmen yara ne. Ina nufin katun, wato zanen nan mai motsi da magana da ake nunawa a akwatin talabijin. In muka taru wurin karatun wata-wata, sai a shafe sa'a biyu ana ja-in-ja a kan littattafan soyayya, sun ɓata tarbiyya ko ba su ɓata ba, ko kuwa a kan waƙar da ba ta da amsa-amo, waƙa ce ko ba waƙa ba ce. Amma da wuya ka ji wani ya ɗaga hannu ya ce a duba labarin da 'ya'yanmu ke sha tun kafin su iya haɗa baƙi da wasali. Alhali kuwa yaro a Ƙaraye ko a Rogo yau yana iya kwatanta maka yadda Tom ke bin Jerry, kyanwa da ɓera, har da kwaikwayon ihun, in kuwa ka tambaye shi sunan matar Gizo sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

Da gangan na ɗauki waɗannan garuruwa biyu na yammacin Jihar Kano. Ba birni ba ne, ba kuma ƙauyen ƙayau ba. Nan ne har yanzu za ka tarar da gida mai zaure da sassa huɗu ko biyar, kaka na raye a ɗakinta, 'ya'ya maza sun yi aure ba su fita ba, ana noma gona ɗaya. Saboda haka a nan ne aka fi ganin tazarar da ke tsakanin gidan da ake nunawa a cikin akwatin da gidan da aka ajiye akwatin a cikinsa. A shekarun 1980 talabijin a wannan yanki abin ɗaiɗaikun gidaje ne, da doguwar eriya a kan gora, wani lokaci da batirin mota. Da la'asar in NTA ta buɗe, ko CTV wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, yau kuma ake kiranta ARTV, sai yaran unguwa su cika tsakar gida, a kalli Tom da Jerry ko Voltron kafin labarai. Daga baya faranti mai kamo tauraron ɗan'adam ya shigo da tashoshin Larabawa irin su MBC3 da Spacetoon. Yanzu kuwa ba a ma bukatar akwatin. Yaro ya kai waya shagon masu tura fina-finai a bakin tasha, a cika masa katin ajiya da kuɗi kaɗan, shi ke nan.

Sai dai katun ba iri ɗaya ba ne, kuma ba a kan duka zan yi magana ba. Tom da Jerry, waɗanda William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro a 1940, guje-guje ne kawai, babu magana, shi ya sa ba su bukaci tafinta ba a ko'ina a duniya. Wanda ya shafe mu shi ne katun na barkwancin iyali: miji da mata da 'ya'ya da maƙwabta, gida ɗaya, kowane mako sabuwar rigima, kusan minti 22. Wannan kam rubutu ne tsantsa. Zane hidima kawai yake yi wa magana.

Waɗannan mutane biyu, Hanna da Barbera, su ne suka buɗe wannan ƙofa da The Flintstones, wanda aka fara nunawa a Amurka a watan Satumba na 1960, aka yi kashi 166 kafin a rufe a 1966. Da dare ake sa shi, lokacin da manya ke zaune, ba da safe lokacin yara ba. Fred ma'aikacin wurin fasa dutse ne, mai babbar murya da son banza, matarsa Wilma ta fi shi hankali, ga maƙwabcinsa Barney da ke biye masa. Dabarar ita ce an ɗauki rayuwar ƙaramin ma'aikacin Amurka na lokacin an mayar da ita zamanin da mutane ke zaune cikin kogo. Akwai mota, amma da ƙafa ake tura ta. Akwai garmaho, amma bakin tsuntsu ne allurarsa. Dariyar farko daga nan take fitowa, ta biyu kuwa, wadda ta fi daɗewa, daga ganin cewa ko a zamanin dutse ma maigida yana ɓoye wa matarsa inda albashi ya shiga.

The Simpsons na Matt Groening ya fito a guntaye a 1987, ya zama cikakken shiri a watan Disamba na 1989, ya kuma wuce kashi 750 tun 2023. Homer ma'aikacin tashar lantarki ta nukiliya ne, malalaci, mai ci kamar gara, mashayi. Marge ita ke riƙe da gidan. Bart ɗan shekara 10 ne, shaiɗanin yaro, Lisa 'yar shekara 8 ce da ta fi kowa ilmi a gidan, sai jaririya Maggie. Abin lura a nan, Groening sunayen iyayensa da na ƙannensa mata ya raɗa musu. Wato bai je neman gida a wata ƙasa ba, nasu ya zana. Zafin gugar zanar shirin ya kai har a 1992 shugaban Amurka na lokacin, George Bush babba, ya fito fili ya ce yana son iyalan ƙasarsa su rage kama da mutanen wannan gida. Zane ne fa, jama'a, ba ɗan jam'iyyar adawa ba!

Ƙa'idar farko ta wannan irin wasa ita ce ba a tsufa kuma ba a yin hankali. Shekara talatin da ɗoriya Bart na aji ɗaya a firamare, Maggie ba ta fara magana ba. Homer zai yi ɓarna a farkon shiri, ya sha wuya a tsakiya, ya yi nadama a ƙarshe, mako mai zuwa ya dawo da halinsa cif. The Flintstones ya ɗan karya wannan ƙa'ida da aka haifa wa Fred 'ya a 1963, amma halin uban bai motsa ba. Marubucin ƙagaggen labari zai ga wannan aibi ne, don an koya mana cewa tauraro ya kamata ya sauya tsakanin shafin farko da na ƙarshe. To amma a nan sauyawar ita ce mutuwar wasan. Ranar da Homer ya shiryu, ranar za a rufe kanti.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce wurin Bahaushe. Ita ce ƙa'idar Gizo. A daren yau hankaki sun ara masa gashin fiffike sun kai shi ɓauren da ke tsakiyar ruwa, haɗama ta sa ya hana su ci, suka ƙwace gashinsu, ya faɗa ruwa, ya ƙulla zumuncin ƙarya da kada ya cinye mata ƙwai. Gobe da dare ga shi nan garau yana haɗa giwa da dorina jan igiya, kowace na zaton da Gizo take ja. Babu wanda ya taɓa tambayar kaka yaya aka yi bai daddara ba. Da an ce ƙurunƙus an share allo. Frank Edgar ya tara irin waɗannan a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Wani abin sha'awa kuma, ɗaya daga cikin nazarce-nazarcen da ake yawan ambata a kan ƙirar tatsuniyoyin Gizo ɗan wannan yanki ne ya yi shi, Malam Maikuɗi Ƙaraye na Jami'ar Bayero, a kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Hartum a ƙarshen shekarun 1970. Ashe injin da ke tuƙa wasan barkwancin iyali, wato tauraro mai hali ɗaya da ke faɗawa rami daban-daban, an daɗe da kwance shi an duba cikinsa a hannun mutumin Ƙaraye.

Kada dai a wuce gona da iri wajen kwatanci. Cikin Gizo da na Homer ɗaya ne, kansu ne ya bambanta. Gizo wayo ke jefa shi a masifa, Homer wauta. Gizo ba ya nadama, ba ya neman gafarar Ƙoƙi, sai dai ya haye rufin ɗaki ya ɓuya. Homer kuwa dole kafin shiri ya ƙare ya nuna yana ƙaunar iyalinsa, don in ba haka ba mai kallo ba zai yarda ya sake zama da shi mako mai zuwa ba. Wannan 'yar laushin zuciya ita ce abin da marubucinmu zai ƙara wa Gizo in yana so ya fito da shi daga bakin murhu ya zaunar da shi a talabijin.

Inda gizo ke saƙar, in mai karatu zai yafe mini wannan, shi ne gidan kansa. Gidan Simpson mutum biyar ne da doguwar kujera guda a gaban talabijin. Kakan yaran, Abe, an kai shi gidan ajiye tsofaffi, ana tunawa da shi in an ga dama. Bart yakan kira ubansa da sunansa gatsal, uban kuma in ya fusata ya shaƙe shi a wuya har harshe ya fito. Ba'amurke yana dariya don ya san an ɗan zarce abin da ke faruwa a gidajensu ne, ba a ƙirƙiro daga sama ba. Ka kawo wannan tsakar gida a Zarewa ko Tudun Kaya ka sa wa yaron suna Bala, uban Malam Audu, ka ga ko za a yi dariya. Salati za a yi, a kashe akwatin.

An ma gwada irin wannan ɗinkin a ƙasar Larabawa. A watan azumin 2005 tashar MBC ta fito da The Simpsons da Larabcin Masar da sunan Al-Shamshoon. Homer ya koma Umar, Bart ya koma Badar, giya ta koma lemon kwalba, aka yanke mashaya da coci. Shahararren ɗan wasan barkwancin Masar Muhammad Hinaidi ne ya yi muryar uban, amma duk da haka shirin bai karɓu ba, ba a ma gama nuna abin da aka fassara ba. Dalilin a fili yake. An cire abin da ke sa Homer ya zama Homer, ba a kuma sa abin da zai mai da shi Umar ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 2006, wani matashi ɗan Dubai, Muhammad Sa'id Harib, ya fito da Freej, labarin tsofaffin mata huɗu da ke zaune a tsohuwar unguwa, dogayen benaye sun kewaye su, suna shan gahawa suna tsegumin zamani da karin harshen garinsu. Wannan kam ya shiga. Haka Bakkar na Masar, ɗan yaron Nubiya da akuyarsa, wanda Mona Abul Nasr ta fara a 1998 ya zama abin jira duk azumi. Ba zanen Harib ne ya fi na Amurka kyau ba. Tsofaffin ne kowa ya gane, don kowa na da irinsu a gida.

To mene ne gidan Bahaushe ke da shi wanda na Homer ba shi da shi? Yana da taswira. A gidanmu an riga an shata wanda za ka yi wa wasa da wanda ba za ka iya ko kallon idonsa ba. Kaka tana kiran jikanta namiji maigidanta, tana yi masa gorin bai kawo kuɗin cefane ba, jikarta mace kuma kishiya ce, ana zagin juna a yi dariya. Taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, suna da lasisin cin fuskar juna, har da karɓar kuɗin shara in watan cika-ciki ya kama. Matar wa da ƙanin miji haka. In ka fita waje ga Bafillace da Babarbare, ga Bakano da Bazazzagi, wanda a Rogo ba labari ba ne, tun da iyakarta ta haɗu da ƙasar Zazzau, kasuwa ɗaya ake ci. A ɗaya gefen kuma ga kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, wata ma ba ta yi masa magana a gaban mutane. Mace ba ta faɗin sunan mijinta. Suruki in ya hango surukinsa sai ya sake hanya ko ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Yaron da ya ci sunan kakansa sai a ɓoye sunan a koma Abba ko Baba.

Marubucin Amurka sai ya wahala kafin ya samo dalilin da zai hana tauraronsa faɗin gaskiya a minti na uku, don in ya faɗa wasa ya ƙare. Mu kuwa al'ada ta ba mu dalilin kyauta. Bari in ba da misali na ƙirƙira, don a ga yadda abin ke aiki. A Kusalla, cikin ƙasar Ƙaraye, sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake, saboda haka ɗan hidima daga Kudu mai Hausar mako uku ba baƙon gani ba ne a yankin. A ce an tura irin wannan saurayi asibitin gari yana cika wa mata katin awo. Ya tambayi wata baiwar Allah sunan mijinta. Sunansa Ɗanjuma, ita kuwa ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba. Sai ta ce masa, ai sunansa ranar nan da ake zuwa babban masallaci. Shi kuma ya kama kalma ɗaya da ya gane, ya rubuta Malam Masallaci. Kati ya iso gida. Ɗan fari ne kaɗai ya iya karatun boko, shi aka miƙa wa ya karanta a zaure a gaban uban. Ba shi da ikon yin dariya, ba shi da ikon faɗin sunan gaskiya don ya gyara, ba shi da ikon ƙin karantawa. Kakarsa ta wajen uwa da ta zo kwana biyu ta ji, kafin magariba ta raɗa wa jikokinta duka sunayen sassan masallaci, wannan Hasumiya, wancan Buta. Washegari taubashin maigidan ya tare shi a kasuwa yana tambaya ƙarfe nawa ake buɗe shi.

Babu zagi a nan, babu ɗan da ya raina ubansa, ba a shaƙe kowa ba, amma maigida ya sha kashi. Kuma a nan ne zane ya fi ɗan wasa mai jini. Dariyar da yaron ke dannewa a zaure, mai zane yana iya kumbura masa kumatu da ita har su kai girman ƙwarya, ya sa ta tsiyayo ta kunne, ya sa hular uban ta tashi sama ta tsaya don kunya. Abin da kunya ta hana baki faɗa, alƙalamin mai zane yana iya nunawa. Al'ummar da rabin maganarta ba a furta ta, ita ta fi kowa bukatar katun.

Ba za a ce ba mu da gadon barkwanci a talabijin ba. Samanja na Usman Baba Pategi ya riƙe Arewa shekara da shekaru daga Kaduna, da Hausarsa ta barikin soja. Ga Kasimu Yero, ga Karkuzu daga Jos, ga Rabilu Musa Ibro a zamanin bidiyo. Kusa-kusan nan kuma Gidan Badamasi, wanda Falalu Ɗorayi da Nazir Adam Salih suka ƙirƙiro aka fara nunawa a Arewa24 a 2019, ya nuna cewa gidan attajiri mai tarin 'ya'ya masu jiran gado rijiya ce mai ruwa. A ganina rauninsa shi ne yawan hayaniya, kowane ɗa yana so ya fi ɗan'uwansa hauka, har a rasa mai hankalin da za a auna haukar da shi. Amma ƙirar gidan ta Hausa ce, kuma marubuci ne ya zauna ya tsara ta. Sai dai duk waɗannan suna da ciwo ɗaya: tauraron yana cikin jikin mutum. Ibro ya rasu a 2014, Kasimu Yero a 2017, Pategi a 2023, Allah ya jiƙansu, kowanne kuma ya tafi da tauraronsa kabari. Alan Reed da ke yin muryar Fred Flintstone ya mutu a 1977, wani ya karɓa, Fred ya ci gaba da ihu. Da an zana Samanja tun yana ganiyarsa, da yau yaran Rogo na kallon sabon kashi.

Katun ɗin da muke da su kuwa sun kasu biyu, kuma kowanne da irin gurguntarsa. Akwai na koyarwa, irin Bino and Fino da Adamu Waziri ya fara a Abuja wajen 2010, da Akili na kamfanin Ubongo na Tanzaniya wanda aka juya zuwa Hausa. Aiki ne mai tsabta, an kuma yi shi da kyakkyawar niyya, amma na ƙananan yara ne, kowa a ciki mutumin kirki ne, kowane kashi da darasinsa a rataye a wuya. Babba ba zai zauna ba. Ɗaya kashin shi ne wanda samari ke haɗawa a waya ko kwamfuta su zuba a YouTube da TikTok. Wasu a cikinsu suna da kunnen jin magana ƙwarai, za ka ji Hausar tasha da ta majalisar shayi tsaf. To amma labarin ba ya wuce minti uku, ba shi da tsakiya, sai farko da faɗuwa. Mutanen ciki an ɗauko su ne daga manhajar waje, da falo da kujerun da babu irinsu a Gwangwan, an liƙa musu hula da ɗankwali. In dariya ta ƙi zuwa sai a koma zagin mai ƙiba ko mai in'ina ko ɗan ƙauye. Waɗannan yara ba masu zane suka rasa ba. Mu suka rasa, mu kuma muna can muna gardamar amsa-amo.

Na san abin da za a ce: kuɗi. Gaskiya ne kashi ɗaya na The Simpsons yana cin watanni, akwai ɗaki guda na marubuta, ana kuma kai yawancin aikin zanen Koriya ta Kudu. Amma a tuna Hanna da Barbera su ma tsadar ce ta kore su daga irin zanen silima. Suka koma tsayar da gangar jiki cik, baki da ido kawai ke motsi, shi ya sa za ka ga yawancin taurarinsu da abin wuya ko laƙataye, don a iya sauya kai ba tare da an sake zana jiki ba. Wani gwanin zane na zamanin, Chuck Jones, ya yi musu ba'a da cewa abin nasu rediyo ne mai hoto. Mu kuwa wannan ba'a yabo ce a wurinmu, don in akwai abin da Bahaushe ya ƙware a kai, wasan rediyo ne. Shu'aibu Maƙarfi, wanda garinsu ke maƙwabtaka da Rogo, ta rediyo ya bi kafin Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu su zama littattafai a 1959 da 1960, kuma dukkansu rigimar cikin gida ce. Ga Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan a Rediyon Kaduna. Sannan a Nijar Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, tun 1966 ya zana Bon Voyage Sim, 'yan mintoci kaɗan, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki da duk wani bugun ƙirji na sababbin shugabannin Afirka. Da hannu ya yi shi, da kayan aikin da wayar ɗan sakandare ta yau ta fi su. Daga baya ya yi Kokoa, kokawar gargajiya tsakanin dabbobi.

Akwai kuma batun hukuncin zana mai rai, wanda malamai suka yi saɓani a kai, wasu suka tsananta, wasu suka sassauta musamman in don yara ne. Wannan fagensu ne, ba na mai sharhin adabi ba. Abin da ya shafi marubuci shi ne ya san da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ya kuma san cewa barkwancin da ya bi hanyoyin da al'ada ta shata ya fi wuyar kamawa a hannun mai almakashi fiye da wanda aka aro.

Ƙasar Ƙaraye ita kanta ba ta rasa abin rubutawa ba. Tun da aka gama dam ɗin Calawa a 1992, manomin da kakansa bai taɓa shiga kwalekwale ba ya wayi gari maƙwabcin masunta. A 2019 aka ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya da ƙananan hukumomi takwas, a 2024 aka rushe, a cikin shekarar kuma aka dawo da ita mai daraja ta biyu da Ƙaraye da Rogo kaɗai. Ba sai an taɓa sarki ko gwamna ba. A ɗauki wani ƙaramin bafade na ƙirƙira da ya ci bashi ya ɗinka babbar riga da rawani a 2019, ya hana matansa kiransa da tsohon laƙabinsa, a bi shi cikin waɗannan shekaru biyar a tsakar gidansa, da mai bin bashin a zaure da uwarsa a ɗaka tana tuna masa shekarar da yake tallan rake. Garin Springfield na Homer da haka aka gina shi, mutum ɗaya-ɗaya, mai kanti da ɗan sanda da shugaban makaranta, har ya zama duk abin da ya faru a Amurka akwai wanda zai faɗa wa a garin.

Aiki mafi wuya yana wajen Ƙoƙi. A tatsuniya ba ta da yawa. Tana dafa abin da Gizo ya sato, tana gargaɗi ba a ji, wani lokaci ta tona masa asiri, 'ya'yansu ma ko suna ba su da shi. Marge da Wilma su ma sun daɗe a wannan kurkuku na mace mai hankali wadda aikinta kawai ta riƙe ƙugu ta yi tsaki, kuma kashin da aka ba Marge nata son zuciyar, kamar wanda ta kamu da caca, sun fi armashi nesa ba kusa ba. Matar gidan Ƙaraye ba a zaune take tana jiran maigida ya yi kuskure ba. Tana soya ƙuli-ƙuli, tana da 'yar talla, ita ce uwar adashin unguwa, tana da tumaki biyu a wurin Bafillatana waɗanda mijin bai san da su ba, sau da yawa ma shi ke cin bashi a wurinta ta hannun wani ba tare da ya san kuɗin na ɗakinsa ba ne. In kuma akwai kishiya, kada a sake mana tsohon faifan nan na boka da barbaɗe, wanda littattafanmu da fina-finanmu suka tauna har ya zama tuɓus. A gwada kishiyoyin da suka gano cewa in sun haɗa kai ranar kasuwa, maigida ba ya iya tuna wa ya ba kuɗin cefane wa bai ba ba, su karɓa sau biyu, su raba a madafa, kakar yara na kallo ta taga tana jiran nata kason kafin ta yi shiru.